Sola a gida: nawa yake ci, kuma yaushe kwalliya za ta biya kuɗin sabulu?

Tambayoyin nan su ne dai waɗanda ake ta maimaita min duk sanda hira ta faɗo kan sola, wasu ma na amsa su ya fi sau ashirin, shi ya sa na ce bari in tara su wuri ɗaya. Ba zan sa farashi ba, don farashi yau da ban gobe da ban, kuma abin da ake sayarwa a ƙasarku ba shi ake sayarwa a ƙasar wani ba. Lissafin zan nuna, kai ka zuba naka alƙaluman a ciki.

Don Allah nawa zan tanada in sa sola a gidana?

Wannan tambayar ba ta da amsa sai an san me kake kunnawa. Kamar ka ce wa tela nawa ne ɗinki ne baka faɗa masa yadi nawa ba. Duk wanda ya yanke maka kuɗi a waya bai tambaye ka kayan wutar da ke gidanka ba, toh cinikin biri a sama kuke yi, ko dai ya haɗa maka abin da ya fi ƙarfin buƙatarka ka yi asarar kuɗi, ko ya haɗa wanda bai kai ba ƙarfe biyun dare inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir zuwa irin ta soket, ta fara ƙara.

Abin da za ka fara yi, ɗauki biro da takarda ka zagaya gidan. Kowane kayan wuta akwai ɗan rubutu a bayansa ko a ƙasansa da ke nuna wat nawa yake ja. Ka ninka wat ɗin da awannin da yake yi a kunne, ka raba da 1000, abin da ya fito shi ne yunit, wato kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya, irin wanda mita ke ƙirgawa. Misali fanka uku masu wat 60 in suna awa 10 a rana yunit 1.8 ke nan. Ƙwan fitila takwas masu wat 10 na awa shida bai ma kai rabin yunit ba. Talabijin mai wat 80 awa biyar, 0.4. Firji shi ba ya aiki a jere, komfuresa tana tashi tana hutawa, matsakaici ka ba shi wajen 1.2 a rana. Ƙara cajin wayoyi da kwamfuta, za ka ga gidan nan ya tashi a yunit 4 da 'yan kai. Da wannan lambar ake zuwa kasuwa.

Fanel nawa ke nan zai ishe ni?

Fanel mai wat 500 ba wat 500 yake bayarwa tun daga fitowar rana har faɗuwarta ba. In aka dunƙule hasken yini gaba ɗaya aka mai da shi rana mai ƙarfi, a wurare masu rana sosai awa 5 zuwa 6 ake samu, a ƙasashen sanyi kamar Jamus ko Ingila matsakaicin shekara wajen 3 ne. Mu ɗauki 5. Wat 500 sau 5 yunit 2.5 ne a takarda, amma zafi da ƙura da wayoyi da inbata da batir duk kowa sai ya yagi rabonsa, saboda haka ka cire kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari, ya rage kusan yunit 2. Gidan can mai yunit 4 da 'yan kai fanel uku sun riƙe shi har da ɗan rara na ranar hadari.

To me ya fi cin kuɗi a cikin haɗin?

Batir. Mutane suna kallon fanel saboda shi ake hangowa a kan rufi, amma yanzu fanel shi ne mai sauƙin lamarin. Tsakanin 2010 da 2020 farashinsa a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari, galibi saboda masana'antun Sin da yanzu ke riƙe da fiye da kashi 80 na harkar ƙera shi. Kuma ba ya saurin mutuwa. Batir kuwa shi ne ke kwashe kaso mai tsoka tun ranar farko, kuma shi ne zai fara dawo da kai kasuwa. Bayan shi sai inbata, sannan fanel, sannan tarkacen da ake mantawa da su a lissafi har sai an zo aiki: waya mai kauri, ƙarafan ɗaure fanel, birekoki, abin kare tsawa, da kuɗin mai haɗawa.

Yaya ake lissafa lokacin da zai dawo min da kuɗina?

A sauƙaƙe, kuɗin da ka kashe gaba ɗaya ka raba shi da abin da ka daina kashewa kowane wata. In haɗin ya ci daidai da kuɗin man wata 30, toh a wata 30 ya biya kansa, shekara biyu da rabi. Amma a nan ne masu talla suke tsayawa su yi shiru, alhali tsugune ba ta ƙare ba. A ce batir shi ne kashi 40 na kuɗin haɗin nan, kuma irin wanda zai mutu a shekara ta uku ne, ka ga wata shida kawai ka ɗana wutar kyauta sai ga wani kuɗin wata 12 ya sake tasowa. Shi ya sa ni ba na yarda da lissafin da ya tsaya a ranar sayayya. Ka shimfiɗa shekara goma a gabanka, ka rubuta sau nawa za ka canza batir a ciki, ka sa canjin inbata sau ɗaya don ita shekara 10 zuwa 15 ake ba ta in mai kyau ce, marar kyau kuwa Allah kaɗai ya sani, ka haɗa duka, sannan ka kwatanta da abin da za ka kashe a shekara goman in baka sa sola ba.

Sai abu na biyu da ya fi komai juya lissafin, wato me sola ɗin ya zo ya maye gurbinsa. Mutum biyu za su sayi kaya iri ɗaya rana ɗaya, ɗaya ya fanshe kuɗinsa a shekara biyu ko uku, ɗayan ya kai shekara goma yana jira, kuma ba wanda aka cuta a cikinsu. Na farkon janareta ya kashe, na biyun wutar kamfani mai araha ya rage.

Ni janareta nake kunnawa kullum, ya nawa lissafin zai kasance?

Kai ne wanda sola ya fi yi wa rana. Litar fetur ɗaya tana ɗauke da makamashi wajen yunit 9, amma ƙaramin janareta yawancinsa zafi da hayaƙi da ƙara yake mayarwa, abin da ke isowa soket bai wuce yunit ɗaya da rabi zuwa biyu ba, in kuma kana kunna shi don fanka biyu da talabijin kawai ya fi haka lalacewa, saboda inji yana shan mansa ko da lodi ko babu. Gidan nan namu na misali sai ya sha lita biyu da rabi a rana cikin sauƙi, a shekara lita 900 da wani abu ke nan. Ninka da kuɗin lita a wajenku ka gani. Kuma ban sa baƙin mai ba, ban sa filogi da kabureta da kuɗin makanike ba, ban sa shi kansa janareta ɗin da bayan 'yan shekaru sai an sayi wani ba. Baccin da za ka yi ba ƙara a kunne kuwa wannan ba ya shiga lissafi, amma duk wanda ya ɗanɗana ya san yana da daraja.

Shawara ɗaya, kar ka ƙiyasta kuɗin man da ka. Yawancinmu muna raina abin da muke kashewa saboda kaɗan-kaɗan yake fita. Ka yi wata ɗaya cur kana rubuta duk litar da ka saya.

Mu wutarmu ba ta yawan ɗaukewa, akwai riba in na sa?

Akwai, amma a hankali take zuwa. Yunit 4 da 'yan kai a rana wajen yunit 1,500 ne a shekara, ninka da abin da ake caje ka kan yunit ɗaya, wannan ne iyakar abin da za ka tsira da shi. In wutarku mai tallafi ce mai araha, za ka ga shekarun sun miƙe. Dabarar a nan ita ce ka rage batir ko ka bar shi gaba ɗaya, ka sa fanel da inbatar da ke aiki tare da layin kamfani, da rana ka sha naka da dare ka koma nasu. A ƙasashen da wuta ke tsaye haka yawancin gidaje suke yi, a Amurka alƙaluman da aka saba ji shekara 7 zuwa 10 ne kafin ya biya kansa, a Ostareliya inda kusan gida ɗaya cikin uku ke da fanel a rufi ya fi haka sauri. Abin lura kawai, irin wannan inbatar marar batir in wutar layi ta ɗauke ita ma kashe kanta take yi ko da rana na tsaka, don kar ta tura wuta cikin layin da ma'aikata ke gyarawa. Mutane da yawa ba sa sanin haka sai ranar da ta faru.

Gaskiya ne ana sayar wa kamfani rarar wutar?

A wasu ƙasashe, eh. Jamus ta kafa dokar da ta ba da tabbacin sayen wutar sola a kan farashi tsayayye tun shekarar 2000, jihohi da yawa a Amurka kuma suna da tsarin da mita ke cire maka abin da ka tura. Amma dokar gwamnati ce, tana canzawa. Kalifoniya ta sauya nata tsarin a watan Afrilun 2023, abin da ake biyan sababbin masu haɗawa kan rarar wuta ya ragu ƙwarai. Ka tambayi kamfanin wutarku tukuna, in babu tsarin a wajenku kar ka sa shi a lissafi, duk wutar da fanel zai iya bayarwa bayan batir ya cika kuma ba abin da ke kunne, ta tafi ke nan.

Batir mai ruwa ko litiyom? Litiyom ɗin nan tsadarsa ta yi yawa

Tsadarsa a ranar saye ce. Bari mu duba da kyau. Batirin dalma (mai ruwan nan irinsa ne) mai volt 12 da amfiya 200, a takarda yunit 2.4 yake ɗauka, amma in kana so ya yi kwana rabi kawai za ka riƙa sha, 1.2. Litiyom irin LiFePO4 mai volt 51.2 da amfiya 100 yunit 5.12 ne, kuma za ka iya shan kashi 80 zuwa 90 ba ka cutar da shi ba, wato sama da 4. Ka ga kafin ka kamo litiyom ɗaya sai ka jera na dalma huɗu. Sannan zagayen caji, na dalma mai kyau irin dogon nan mai ruwa yana yin dubu da ɗoriya in an lallaɓa shi, rufaffen nan mai araha 'yan ɗaruruwa ne, shi kuwa litiyom masu ƙera shi suna rubuta 4,000 zuwa 6,000, in caji ɗaya ne a rana 4,000 ma kusan shekara 11 ne. Ƙari a kan haka na dalma yana cinye wajen kashi 20 na wutar da aka zuba masa, litiyom bai fi kashi 5 zuwa 10 ba.

Ni da kaina na yi wannan kuskuren, ba labari aka ba ni ba. Haɗina na farko na dalma huɗu na saya saboda kuɗin bai kai ba, mai haɗawa ya jera min su a wani ɗan sito marar taga don wai kar yara su taɓa, ni kuma na ga tsari ya yi kyau na yi ta godiya. Ashe zafi shi ne ajalinsu, duk ƙarin digiri 10 a kan 25 kusan rabin rayuwar batirin dalma yake yankewa. Shekara ɗaya da 'yan watanni na lura fanka tana mutuwa kafin asuba, da na shiga siton na ɗora hannu sai na ji gefen guda biyu ya kumbura kamar an hura, ga wani farin gari ya taru a kan kawunan, ga wari mai hawa hanci. Na canza biyun kawai na haɗa da tsofaffin, wani kuskuren ke nan, tsofaffin suka ja sababbin ƙasa cikin 'yan watanni. Da na tara abin da na kashe sau biyun nan ya haura kuɗin litiyom ɗin da na guje wa tun farko.

Ban ce na dalma ba shi da amfani ba. In abin da ke hannunka ke nan, saya, amma ka sa shi inda iska ke shiga, ka riƙa duba ruwansa kana ƙara distil, kar ka bari ya sauka ƙasa da rabi, kuma ka san a ranka cewa za ka sake saye.

Zai ja esi?

Zai ja, kuɗi ne. Esi mai hosfawa ɗaya yana jan wajen wat 900, in ya kwana awa takwas komfuresa bata huta sosai ba yunit 7 ke nan, ya fi duk sauran gidan in an haɗa. Da rana ba matsala sosai don kai tsaye daga fanel yake sha, da dare ne yake cin batir. In dole sai da shi, sayi irin mai inbata a ciki, ka toshe kafofin ɗakin, ka sa shi a 25 ko 26 ka haɗa da fanka. Dutsen guga, hita, da abin dafa ruwa su ma wat 1,000 zuwa 2,000 suke ja, a yi amfani da su tsakar rana in batir ya cika.

In na sayi babbar inbata ba shi ke nan ba?

A'a, inbata ba ta ƙirƙirar wuta, juya ta kawai take yi daga ta batir zuwa irin ta soket. Kuma babba tana da nata cin, wasu masu 5kVA suna jan wat 50 ko fiye ko ba abin da ke kunne, a awa 24 yunit 1.2 ke nan, daidai da ka ajiye wani firji da ba ya sanyaya komai. Ka nemi wannan lambar a takardar inbatar kafin ka saya. Amma kar ta yi ƙanƙanta kuma, don firji da injin jan ruwa lokacin tashi suna fizgar ninki uku ko fiye na abin da aka rubuta musu na ɗan sakanni.

Shekara nawa fanel yake yi?

Kamfanonin kirki garantin shekara 25 suke bayarwa cewa zai riƙa ba da aƙalla kashi 80 da wani abu na ƙarfinsa, a aikace wajen rabin kashi ɗaya cikin ɗari yake raguwa a shekara. Ba abin da ke motsi a cikinsa balle ya gaji. Abin da ya fi kashe shi mugun haɗi ne, ko mutum ya taka shi ya tsattsage daga ciki ba a gani.

Ta yaya zan gane ba jabu aka ba ni ba?

Tafi da tef ɗin awo. Fanel na zamani yana mai da kashi 20 zuwa 23 na hasken da ya sauka a kansa, wato kowace murabba'in mita ɗaya wat 200 zuwa 230 take bayarwa, ba yadda za a yi ta wuce nan da nisa. Na gaske mai wat 550 tsawonsa ya haura mita biyu da kwata, faɗinsa mita ɗaya da 'yan kai, nauyinsa kilo 27 ko kusa da haka, mutum ɗaya da ƙyar yake hawa tsani da shi. In aka nuna maka wani ɗan madaidaici da ka ɗaga da hannu ɗaya an manna masa sitika wat 600, sitikar ce kawai 600. Batir ma haka, nauyi yana tona asiri, na dalma mai amfiya 200 na gaske yana kai kilo 60. A litiyom kuma ka tambayi ko sababbin sel ne a ciki, ka karɓi garanti a rubuce da sunan wanda za ka kama in ya lalace.

Na sa sola amma ba ya ba da abin da aka ce, me ya faru?

Kafin ka zagi mai haɗawa hau ka duba. Wat ɗin da ke jikin fanel a ɗakin gwaji aka auna shi a kan digiri 25, a kan rufi kuwa da tsakar rana jikinsa yana kai 60 ko fiye, kuma kowane digiri ɗaya na ƙari yana cin kashi 0.3 zuwa 0.4, ka ga sama da kashi goma ya tafi, shi ya sa ake barin tazara tsakaninsa da rufi iska ta riƙa ratsawa. Sai ƙura, inda ake daɗewa ba ruwan sama tana iya cin kashi goma ko fiye, ruwa da tsumma mai laushi da sassafe kafin gilashin ya yi zafi sun wadatar. Sai inuwa, wadda ita ta fi ban haushi saboda fanel a jere ake haɗa su kamar sarƙa, in ɗaya ya shiga inuwa sai ya ja sauran. Na taɓa ganin gidan da kullum daga ƙarfe uku caji ke faɗuwa, an canza kwanturola, wato na'urar da ke daidaita cajin batir, an canza waya a banza, ashe inuwar tankin ruwa ce ke sauka a kusurwar fanel ɗaya, faɗinta bai fi tafin hannu biyu ba. Aka matsar da shi taku uku magana ta ƙare.

In kana arewa da ikwaita fanel kudu zai kalla, in kana kudu ya kalli arewa, kuma ko a ina kake kar a kwantar da shi shamfal, a ba shi karkata ko da digiri 10 ne ruwa ya riƙa wanke shi. Ka kuma duba kwanturolar cajin, irin da ake kira MPPT tana tatso wuta fiye da irin da ake kira PWM, musamman in volt ɗin fanel ya fi na batir nesa.

Ranar hadari fa?

Yana aiki, amma in gari ya rufe sosai kashi 10 zuwa 25 kawai za ka samu. Ƙara fanel ɗaya ko biyu ya fi sauƙi a aljihu a kan ƙara batir.

In ci bashi in sa, ko in jira in tara? Ko ma in jira ya ƙara araha?

In abin da za ka riƙa biya duk wata bai kai abin da kake ƙonawa a mai ba, toh tun watan farko kana kan riba, bashin ma kusan janareta ne ke biya maka shi. In ya haura, tsaya ka tara duk abin da za ka biya har ƙarshe ka sa shi a matsayin kuɗin haɗin, sau da yawa za ka ga shekara uku ta koma biyar. Ka kuma tabbata bashin zai ƙare kafin batir ya mutu, ba abin da ya kai ciwon biyan kuɗin abin da ya riga ya zama bola.

Jira kuwa, gaskiya ne batirin litiyom ma ya faɗi da kusan kashi 90 daga 2010 zuwa 2023 kuma bai tsaya ba, amma mai janareta duk watan da ya jira ya ƙona abin da ya fi ragin da yake jira. Mai wutar kamfani mai araha shi yana iya jan ƙafa ba asara.

Kuɗina ba zai kai duka ba, zan iya farawa kaɗan-kaɗan?

Sosai ma, in dai an tsara tun farko. Fara da rage lodi, don wat ɗin da baka ja ba ya fi kowanne araha: canza ƙwan fitila zuwa LED, fankar DC tana jan wat 30 ko ƙasa inda tsohuwar ke jan 60 zuwa 75, tsohon firjin nan da robar ƙofarsa ta saki a gyara ko a rabu da shi. Sannan ka sayi inbatar da za ta ɗauki inda kake son kaiwa nan da shekara biyu, gara mai volt 48 in gidan zai girma, don in ka fara da ta 12 ranar faɗaɗawa kusan komai sai an sake. Batir ɗaya na litiyom wanda ake iya jona masa ɗan'uwansa daga baya, fanel biyu ko uku, ka bar fili a rufi da waya mai kaurin da zai ɗauki ƙari. Ka ware layin fitilu da fankoki da firji a kan sola, manyan kaya su zauna a inda suke tukuna, kuɗin man da ya fara raguwa kuma ka riƙa ajiye shi gefe, da shi za ka sayi fanel na huɗu.